Dalilin da Ya Sa Ban Sa Soda a Kayanki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Daga garin Mai Wurno zuwa garin Hajj Abdalla.

Zuwa ga 'yata, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Kafin komai ina neman afuwarki, domin na san na ɗora miki karatun doguwar takarda a makon da ba ki da lokacin kanki: ga masu zuwa ganin ɗaki, ga dangin miji waɗanda ba ki gama riƙe sunayensu ba, ga gajiyar hanya. Ki yi haƙuri da mahaifinki. Kin san halina, abin da wani zai faɗa a numfashi ɗaya, ni sai na kewaya shi na leƙa ƙarƙashinsa. Ina fatan kun sauka lafiya, kuma motar ba ta tsaya da ku a Sinnar har rana ta yi zafi ba. Ina gaida mijinki Ɗahiru, ina gaida mahaifinsa, ina gaida surukarki Hajja Sa'a gaisuwar girma. Allah Ya sa kin shiga gidan da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Na san da a ce da Larabci na rubuta, da ya fi miki saurin karantuwa, kamar yadda yake ga duk sa'o'inki. Amma ni idan tsoro ya kama ni, da Hausa yake kama ni, don haka da ita zan rubuta. Ban kuma so in aiko da murya ta waya ba, saboda abin da aka faɗa a waya duk tsakar gida ke ji, alhali cikin maganata akwai wadda nake so ke kaɗai ki fara auna ta.

Idan kin kwance kayan sabulun da na ɗaure miki, za ki tarar da tukunyar baƙin ƙarfe, da sikeli, da muciya mai dogon hannu, da akwatin katako na zubi, da safar hannu, da tabarau. Soda ce kawai ba za ki gani ba. Kada ki zargi direba, kada kuma ki ɗauka mantuwa ce. Mahaifiyarki ta sa ta, ni na cire da hannuna, tana nan wurina a rufe. Ina roƙonki kada ki aika a sayo miki wata a kasuwa kafin ki karanta dalilina har ƙarshe.

Zan fara da godiya ga Allah, domin wannan sana'a ba nemanta na yi ba, ita ta zo ta same ni. Kin tuna shekarar da hanyoyi suka rufe, sabulu ya ɓace daga kantuna kamar an share shi da tsintsiya. Jiki muna wanke shi da garin ganyen magarya, tufafi da ruwan toka, har fararen rigunan masallaci suka koma launin ƙasa, kowa yana kallon na ɗan'uwansa yana kawar da kai. A lokacin ne wasu mata ma'aikatan lafiya suka raba wata 'yar takarda ta Larabci mai zane-zane, wadda ke koyar da dafa sabulu a gida. Mahaifiyarki ta zo da ita a ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Malam, karanta mini, idona ba ya kama ƙananan baƙaƙen nan." Na zauna ina karantawa tana haɗa kaya. Duk abin da ta ɗauka sai in ce ba haka aka rubuta ba. Da na yawaita, sai ta miƙo mini muciya ta ce, "To tunda kai da takardar kun fi kusa, bisimilla." Ta haka na zama mai dafa sabulu, ina namiji mai furfura, a garin da ba a saba ganin namiji a gaban tukunya ba.

Ban san wanda ya rubuta takardar nan ba, ban san ko yana raye ba, amma ba na ɗora tukunya ban yi masa addu'a ba. Kakarki mai sunanki ta iya sabulun salo na tokar karan dawa, irin wanda iyayenta suka zo da iliminsa daga Sakkwato. Ina yaro na ɗauke shi aikin mata, ban taɓa tsayawa na duba ba, har ta tafi da abinta. Sai ga shi Allah Ya dawo mini da shi ta hannun baƙon da ban sani ba. Ba kowa ake ba abu sau biyu ba.

Kuskurena na farko a tukunya na yi shi. Takardar ta faɗa a fili cewa soda ba ta zama da alminiyam. Na karanta, na fahimta, amma babu wata babbar tukunya a gidan sai hallar auren mahaifiyarki, ta alminiyam, wadda ake dafa abincin suna da na Maulidi a cikinta. Sai na ce a raina, sau ɗaya dai ba zai yi komai ba. Ina zuba ruwan soda tukunyar ta fara huci, ta yi baƙi, wani kumfa mai launin toka ya taso da wari mai shaƙe maƙogwaro. Man ya lalace, muka haƙa rami muka binne. Washegari mahaifiyarki ta wanke hallar, ta ɗaga ta sama wajen rana, sai ga haske yana ratsowa ta gindinta kamar rariya. Ta leƙo ni ta cikin hujojin ta ce, "Malam, ina ganinka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, har yau ba ta ƙara ba, kuma ina gode mata.

Saboda haka, Uwata, ki sani duk hallar da za ki gani a madafar Hajja ta alminiyam ce, har ludayi da cokali da tire. Ko an ba ki aro da kyakkyawar zuciya, ki yi godiya ki mayar. Tukunyar da na ba ki wani maƙeri a Sinnar ya ƙera mini ita, na tsaya a kansa har ya gaji da ni. Ita kaɗai za ki ɗora. Kada kuma a dafa abinci a cikinta, ko ranar biki ce aka rasa tukunya.

Na biyu a awo na yi shi. Ba ni da sikeli a lokacin, sai na ce kofin shayi ai ma'auni ne, tunda da shi muke auna komai. Na auna mai da kofi, na auna soda da kofi, na ƙara kaɗan don ya fi wanki. Sabulu ya fito fari tas, mai tauri, har na ji wani alfahari ya taso mini. Kin san al'adarmu, farkon kowane abu na maƙwabta ne, ko nunan fari na gona ko toyi na farko. Na yanka na rarraba gida-gida tun ban wanke ko hannuna da shi ba. Kwana bai zagayo ba sai ga taubashina Haruna, ɗan goggona, ya shigo ya baje mini tafukansa suna saɓa kamar maciji.

Ya ce, "Ya zol, mutumina, mi na yi maka? Gado muka raba na cuce ka?"

Na ce, "Bai yi wanki ba ne?"

Ya ce, "Wanki? Ya fidda dauɗa, ya fidda fata. Da na daɗe ina cuɗawa da ya fidda zunubi. Ka kai wa liman, ya fi ni sanin masu bukata."

Muka yi dariya, amma da ya fita na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina karɓo abina ina ba da haƙuri. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Wata tsohuwa ma ƙin ba ni ta yi, ta ce ta samu abin wanke gindin tukunya. Mutanen garin nan sun rufa mini asiri, Allah Ya rufa nasu.

Ki riƙe sikeli, ki bar kofi ga shayi. Na ƙona awon da wuta a jikin murfin akwatin zubi, na man angurya da kitse daban, na man gyaɗa daban, domin kowane mai da abin da yake ci na soda. Idan kin samu wani man da ba ya cikin waɗannan, kada ki yi kintace, ki tambaye ni. Kuma a kan sabulu, ki jinkirta al'adar nunan fari. Idan ya dahu, ki ɗebi kaɗan ya huce sarai, ki taɓa shi da bakin harshe: in ya tsunkule ki, da saura, mayar da shi wuta. In bai tsunkula ba, ki zuba, ki yanka, ki bar shi ya sha iska a inuwa, ki yi wanki da shi da hannunki kafin ya shiga ɗakin kowa. Ke baƙuwa ce a can. Abin da aka yi mini dariya a kansa a Mai Wurno, ke za a daɗe ana tuna miki shi.

Kin sha ganin yadda tukunyar ke sauyawa, amma bari in faɗa miki da baki. Da farko takan yi kauri kamar kunu. Daga nan ta tsinke kamar nonon da ya kwana, mai a sama, gudaji a ƙasa, har mutum ya zaci ya yi asara. Ba asara ba ce, a ci gaba da juyawa. Can sai ta kumbura ta fara hawa. A ƙarshe ta kwanta ta haɗe kamar tuwo, ta yi sheƙi. Wurin hawan nan shi ne dalilin wannan takarda gaba ɗaya. Ba ta sallama kafin ta hau. Yanzu tana rabin tukunya, ka juya ka ɗauki gawayi, ka dawo ka tarar da ita a baki. Maganinta ɗaya ne, mutum yana tsaye da muciya yana juya ta tana sauka. Kuma abin da ke hawa a lokacin ba sabulu ba ne tukuna, soda ce ɗanya mai tafasa.

Kin san tabon da ke hannun mahaifiyarki na dama, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Kin san na sabulu ne. Amma kina wurin goggonki a Sinnar ranar da abin ya faru, kuma ba mu taɓa zama mun ba ki labarin a jere ba.

Da hantsi ne, bayan kaka. Na ɗora tukunya a ƙarƙashin rumfa, ta tsinke, ta fara kumbura, sai na ji sallama a ƙofar gida. Muryar Baffa Sambo ce, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mana cikin iyaye. Ya ƙetaro kogi a jirgi da sandarsa zai je ta'aziyya, ya ce ba zai wuce ƙofata bai tsaya ba. Na dubi tukunya, na dubi ƙofa. Na ce in amsa in dawo. To kin san gaisuwar Baffa: gida, gona, ruwan kogi, ciwon ƙafarsa, waɗanda suka rasu, waɗanda aka haifa. Na kawo masa ruwa ya sha. Ya miƙe, na ɗaukar masa sanda na bi shi rakiya.

Ya ce, "Koma, Isiyaku."

Na ce, "A'a Baffa, sai bakin masallaci."

A bakin masallaci muka tarar da wani dattijo, aka sake gaisuwa daga farko. Abin da nake so ki gane shi ne, wallahi ban manta da tukunyar ba. Duk takun da na yi tana cikin raina. Na san abin da takarda ta ce, na san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rumfa. Amma bakina ya kasa cewa, Baffa, yi mini izini. Kunya ta fi ƙarfin sani.

Mahaifiyarki tana toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a madafa sai ta ji abu yana faɗawa kan gawayi yana ƙara. Ta leƙo ta ga tukunya tana amai ta ko'ina. Ta naɗe bakin mayafinta a hannu ta kama don ta janye ta daga wuta, tukunyar ta karkace, abin ya kwaranyo mata a hannu. Ba ta yi ihu ba. A lokacin ba mu riga mun bar ƙofa ba, tana jin muryar Baffa. Ta goge da mayafi, gogewar ta ƙara shafa shi, ta koma bayan madafa ta zauna tana jira. Tsakaninta da matar Haruna zana ce kawai. Da ta ɗaga murya sau ɗaya, da an zo mata da ruwa kafin ta rufe baki.

Da na dawo, abin da ta ce mini shi ne, "Malam, tukunyarka ta zube." Sai da na lura tana ɓoye hannu na janye mayafin. Ba zan kwatanta miki abin da na gani ba. Na juye mata randa, na juye ta biyu, maƙwabta suka yi ta kawo ruwa, sannan muka kai ta asibiti a keken jaki. Ma'aikacin da ya duba ta ya ce da an yi ta zuba ruwa tun farko, da abin bai ci nama haka ba. Jiran ne ya yi ɓarnar.

Bayan ta samu sauƙi na tambaye ta abin da ya hana ta kira. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Baffa na ƙofa zan ɗaga murya? In ya ce wa ke ihu, a ce matar Isiyaku?"

Ga mutum biyu, kowannenmu yana kiyaye ladabin da iyayensa suka koya masa, kuma ladabin nan biyu suka haɗu suka cinye hannun mace.

Labari ya kai wa Baffa. Ya sake ƙetaro kogi, wannan karon ko ruwa bai karɓa ba. Ya zauna ya dogara haɓa a kan sanda ya ce, "Kai Isiyaku, wa ya koya maka wanga ladabi na banza? Maƙeri in ƙarfe ya yi ja, ko sarki ya zo ba ya tashi, kuma ba wanda ya taɓa ce mai marar kunya. Da ka ce, Baffa tsaya, wuta gare ni, da na tsaya. Ni tsoho ne, ba mahaukaci ba." Sannan ya juya wajen labulen ɗakin mahaifiyarki ya ce, "Ke kuma ɗiyata, ihu ba zagi ba ne. Kin bar ni da nauyin hannunki har in mutu." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Kafin ya tafi ya ce in nemi jan tsumma in riƙa ɗaurawa a ƙofar gida duk ranar da na ɗora tukunya, shi kuma zai faɗa a masallaci cewa da izininsa aka yi.

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar, mai sallama in ya ga tsumman sai ya zauna a inuwar bango ko ya wuce ya dawo. Haruna kan tsaya a waje ya ɗaga murya, "An ɗaga tuta, Malam na tuƙa tuwon da ba a ci! In ka gama ka aiko da miya!" Amma bai taɓa tura ƙofar ba. Baffa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da ya yi mana ya zama haske a kabarinsa. Ban iya ƙirga tukunyar da na sauke lafiya albarkacin maganarsa ba.

Sai dai tsoron ranar nan ya kai ni ga wani kuskuren, kuma wannan ke na yi wa. Da kika dawo gida kika nemi in koya miki, na ba ki yanka da naɗi da jera sabulu a inuwa, na hana ki soda da muciya. Kullum in ce sai wani karon. Ba ki taɓa yi mini musu ba. Ina ganin ina tsare ki ne, ashe ina ajiye miki ranar farkonki ne har ta zo ta same ki a gidan da ba na nan. Ga shi yanzu idonki ya san aikin, hannunki bai san shi ba. Da kika ce mini, "Baba, ina so in shiga gidan da abin hannuna," na ji daɗin da ban iya nuna miki ba, domin ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta dubi sana'ar da aka yi wa ubanta dariya a kanta ta ce ita take so. Na gode miki. Allah Ya yi miki albarka.

Amma na san 'yar da na haifa. Ranar da dangin Ɗahiru suka zo gaisuwa, kunama ta harbe ki a ƙafa a bayan buhun gawayi. Kika gama haɗa shayi, kika jera kofuna, kika miƙa a kai musu, zufa tana ɗiga daga haɓarki, sai da suka tafi kika zauna kika ce a duba miki ƙafa. Mata suka yi ta yabo, suna cewa ɗiyar uwarta ce. Ni ma na ji alfahari. Daga baya ina zaune ni kaɗai sai gabana ya faɗi, domin gaskiya suka faɗa, ke ɗiyar mahaifiyarki ce.

Yanzu ki duba inda kike. Gida ne babba mai baƙi, mahaifin Ɗahiru mutum ne da zaurensa ba ya rabuwa da manoman hawasha, gonakin nan na ban-ruwa, masu zuwa maganar rabon ruwa, kuma shayinsu daga hannun amarya zai fito. Idan Hajja ta kira ki, na san kafin ta rufe baki kin miƙe. Haka muka tarbiyyantar da ke, ban kuma yi nadama ba. To ranar da kiran ya zo tukunya tana hawa fa? Ni ina maigida, a cikin gidana, da furfurata, na kasa cewa a jira ni. Ke kina amarya, a gidan wasu, yaya za ki yi? Kuma ba ki da ikon ɗaura tsumma a ƙofar da ba taki ba. Idan kika yi haka da kanki, za a ce 'yar Mai Wurno ta zo da sabon salo, tana hana mutane shiga gidansu.

Hanyar da na gani ita ce ta Baffa: izinin ya fito daga sama. Ki gaya wa Ɗahiru komai, ki ba shi wannan takarda ya karanta in kin ga dama, shi ya kai wa mahaifiyarsa maganar a lokacin da ta dace. Abin da ake nema kaɗan ne. Ranar da za ki dafa, Hajja ta sani tun da safe, ta ɗora shayin baƙi a kan wata, kuma ita da bakinta ta gaya wa mutanen gida cewa daga ɗora tukunya zuwa sauke ta ba a kiranki, in an kira ba ki amsa ba, ba raini ba ne. Na ga Hajja Sa'a sau biyu kawai, amma na ga mace mai hankali, wadda ta tarbi mahaifiyarki kamar 'yar'uwa. Ina kyautata zaton za ta yarda. Idan maganar ta yi wa Ɗahiru nauyi, mahaifiyarki ta ce za ta hau mota ta zo da kanta, ta zauna da Hajja, ta naɗe hannun riga. Ta ce ba sai ta yi dogon bayani ba.

Sauran ƙananan abubuwa, ki haƙura in faɗe su ko da kin sani. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma a fili ake yi, iska tana bayanki. Ruwanku na can na tur'a ne, magudanar ban-ruwan gonaki, mai laka. Ki bar shi ya kwanta ki tace, in damina ce ki tari na sama. Kada kayan su wuce rabin tukunya, kada wuta ta yi ƙarfi, kada ki tsaya ba takalmi. Turare, ko sandal ko karanfani, sai bayan an sauke. Soda kamanninta ɗaya da sukari, kuma gidan da ake shan shayi kowane hannu gwangwani yake nema, don haka kada ta kwana a madafa, kada ta shiga gwangwanin madara. Ɓera yana cin sabulun kitse, ki rataye shi sama. Kafin ki kunna wuta, ki ajiye babban bokiti cike da ruwa inda hannunki zai kai. In abin ya taɓa fata ko ido, ruwa ne maganinsa, ruwa mai yawa, a yi ta zubawa ba ƙaƙƙautawa, sannan asibiti. Za a kawo miki mai, za a kawo man goge baki, wata za ta ce lalle. Ki ce ruwa.

Ban rubuta wannan don in tsorata ki ba. Sana'a ce mai albarka. Ta wanke mu lokacin da muka rasa, ta sa na san darajar matar da nake zaune da ita da mutanen da nake zaune cikinsu. Ina so ki same ta, ina so ki fi ni iyawa. Ina so ne kawai ki same ta da hannuwanki biyu lafiya.

Allah Ya tsare ki a ɗaki da tsakar gida, Ya tsare ki a gaban wuta da bakin ruwa. Allah Ya sanya ƙauna tsakaninki da mijinki, Ya sa surukanki su zame miki iyaye, Ya ba ku zuriya ta gari. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki, Haruna ya ce a gaya wa Ɗahiru ya riƙa gwada sabulunki a ƙafa kafin fuska.

Ga abin da nake roƙo, kuma a rubuce nake son amsar, da hannunki, ta hannun direban da ya kai ku:

1. Ki gaya mini ko maganar ta kai ga Hajja, da abin da ta ce, da kalmominta, ba yadda kike ganin zai kwantar mini da hankali ba.

2. Ki gaya mini ranar da kike so ki ɗora tukunyar farko. Zan zo da sodar da kaina, in gaida surukanki, in zauna a gefe. Muciya tana hannunki, ba zan karɓa ba, ko da hannuna yana ƙaiƙayi.

3. Ki rubuta mini cewa idan abin ya taɓa ki za ki yi ihu, da dukkan muryarki, ko surukinki yana tsakar gida, ko zaure cike yake da baƙi. Kada ki rubuta don ki faranta mini. Idan kin auna kanki kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa mini gaskiya, babu laifi a kanki, mu muka koya miki shirun. Sai in ci gaba da dafawa a nan ina aiko miki, har ranar da za ki iya.

Ina jiran amsarki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
Isiyaku